Neman Baba a Gada ta Biyu

Ina tsugune gaban bahon da nake gwada faci, na danna tub ɗin tayar wani mai kura cikin ruwa ina jiran in ga ta inda iska za ta fito, sai Yaya ya taka burki dab da ƙafata. Bai kashe babur ɗin ba. Ya ce in tashi, Baba bai dawo ba.

Na dubi inuwar rumfata. Ta riga ta tsallake kwatar bakin titi, wato la'asar ta kusa. Na ce ai Baba bai saba dawowa yanzu ba, sai rana ta yi sanyi. Yaya ya ce yau ba irin kullum ba ce. Da safe Baba ya ce wa Mama amyar zuma ɗaya kawai zai leƙa, kafin sha ɗaya yana gida. Saboda haka bai ɗauki gorar ruwansa ba, bai ɗauki abin ci ba, maganinsa na ciwon suga ma yana nan a kan taga. Wayarsa kuwa kwana uku ke nan tana shagon Yaya a kwance, ciki a buɗe, tana jiran a canza mata wurin caji. Na ga alama ba ya so a yi zancen wayar.

Na ba mai kura haƙuri, na ce ya kai tub ɗin wurin maƙwabcina, na goge hannu a wando na hau bayan Yaya.

Shekara tara ke nan Baba yana kiwon zuma, tun da ya bar aikin gadi. Yana da amya wajen goma, irin dogayen kwandunan nan da ake ɗorawa a kan itace ƙudan zuma su shiga su zauna. Mun san a kan tsamiya suke. Mun san yana shiga mota ya fita bayan gari. Iyakar abin da muka sani ke nan, domin bai taɓa zuwa da kowa ba. Yana cewa ƙafa huɗu hanya suke fitarwa a ciyawa, hanya kuma ita ke kai ɓarawon zuma. Shi kansa ba ya taka wuri ɗaya sau biyu a jere.

Mun sami Mama a ƙofar ɗaki, ta riga ta cika gorar, ta ƙulle magani da burodi a leda. Ba ta kuka, amma sai gyara ɗaurin ledar take yi tana sake kwancewa. Yaya ya tambaye ta ko Baba ya taɓa kwatanta mata wurin. Ta ce wane kwatance kuma, ba kullum yake faɗa ba muna jinsa? Ta nuna 'yar kujerar da yake zama a kai da yamma yana wanke ƙafa. Gaskiyarta. Kullum ya dawo, a nan yake zama ya yi ta ba da labarin daji, Yaya yana latsa waya, ni ina gyangyaɗi, Mama tana cewa to, to.

Yaya ya fito da wayarsa ya ce ta faɗa a hankali zai rubuta. Ta ce babanmu yakan ce rana tana ƙeyarsa. Yakan ce itatuwan wurin duk sun karkata gefe guda saboda iskar hadari, suna sunkuyo masa kamar masu gaisuwa. Akwai ɓauren da tsawa ta tsaga biyu. Daga nan sai kwazazzabo mai farin rairayi, sai wasu suri guda biyu a manne da juna, yana ce musu tagwaye, a hannun dama.

"Daga nan fa?" in ji Yaya.

"Daga nan sai ya ce in miƙo masa tawul."

A tasha muka sami direban da ke ɗaukar Baba, mai wata farar mota da ake ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Ya ce ƙwarai, da safe ya sauke tsoho a gada ta biyu, inda ya saba. Yaya ya tambaye shi ta wane gefen titi yake shiga. Direban ya yi dariya, ya ce shekara nawa yana son ganin haka bai gani ba. Tsohon nan tsayawa yake yi a bakin titi da bokitinsa kamar mai jiran wani, har sai mota ta sha kwana. Da ya ga ba mu yi dariya ba, ya ce in mun kai magariba ba mu fito ba mu kira shi, ya ba Yaya lambarsa.

Gada ta biyu ba komai ba ce, 'yar gada ce a kan busasshen rafi. Ba gida, ba rumfa, ba mai sayar da ko ruwa. Daji a dama, daji a hagu, kuma iri ɗaya suke kamar an raba abu biyu. Yaya ya tura babur ƙarƙashin gadar ya kulle. Ya buɗe taswirar wayarsa, ta nuna masa titi kamar zare, gefe da gefe kuma fili ba komai. Ya ja ta da yatsa, ya buɗa, ya matse, sannan ya ce sabis ne babu. Ya koma kan abin da ya rubuta.

Wannan kam ba wuya, in ji shi. Ya juya ya ba rana baya, ya nuna dajin da ke gabansa. Na juya ni ma, na ji zafinta a ƙeyata, inuwata ta miƙe a gabana doguwa. Muka gangara.

Ba mu yi nisa ba na ga itatuwan. Wallahi kamar yadda Baba yake faɗa. Duk sun karkato wajenmu, manya da ƙanana, kamar mun shiga gidan da ake girmama mu. Yaya ya ce ka gani ko, Auta, ai abin ilimi ne kawai. Ni ma hankalina ya ɗan kwanta. Na fara kallon gaba ina neman ɓaure.

Ɓaure dai bai zo ba. Mun ga wani itace da ya rabu biyu tun daga gindi, Yaya ya ce shi ne. Na ce wannan ba ɓaure ba ne, dubi ganyensa ƙanana. Ya ce yaushe na zama malamin ganye, ni da ko sunan titin gidanmu sai na yi tunani? Na ce ban sani ba, amma akwai ɓaure a bayan rumfata, kullum 'ya'yansa suna faɗo mini cikin baho, kuma ba haka yake ba. Ya ce wataƙila na daji daban ne da na gari. Ni dai ban san ko haka ne ba. Muka wuce shi a matsayin ɓaure.

Sai kuma suri. Da Mama ta ce suri biyu, na ɗauka suri abu ne da za a gani daga nesa a ce ga shi. Ashe wurin nan gara ta yi gari. Suri a dama, suri a hagu, wani ya kai ƙirjina, wani ya rushe, wasu uku a jere, wasu biyu amma ba a manne ba, wasu a manne amma ɗaya ya ninka ɗaya tsawo. Yaya ya ce tagwaye ai ba dole su yi kai ɗaya ba, ga 'ya'yan maƙwabcinmu tela nan. Na ce amma Mama ta ce sai an wuce kwazazzabo kafin suri, mu kuma ba mu ga kwazazzabo ba. Ya duba wayar. Ya ce ƙila Mama ce ta haɗa su baibai. Ya ce ƙila kuma wancan ɗan ramin da muka tsallaka shi ne kwazazzabon, tsofaffi suna da ƙara wa abu girma.

Muka yi ta kira. Yaya yana cewa Baba da ƙarfi, ni ina bi masa. Ba amsa sai kurciya. Na riƙa duba ƙasa ko zan ga sawu, amma ƙasar tauri gare ta, abin da na gani kawai kashin awaki ne da ya bushe tuntuni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rabin maganar Baba daidai take fitowa, rabi kuma babu ita sam. Rana tana inda ya ce. Itatuwa suna yin abin da ya ce. To ina ɓauren, ina farin rairayin? In ba nan ba ne, me ya sa rana da itatuwa suka yarda? In kuma nan ne, wa ya kwashe sauran? Na yi ta juya abin a raina har na fara zargin ko akwai wata gada ta biyun, in an ƙirgo daga wancan gefen. Na faɗa wa Yaya. Ya tsaya ya dube ni, ya ce don Allah kar in ƙara masa wani ciwon kan.

Mun yi tafiyar da ta fi rabin awa sai muka iske wani ɗan kwari da ruwan sama ya kwanta a ciki, bai fi faɗin tabarma biyu ba, duk ya yi kore. Yaya ya zauna a kan dutse yana haki, ya miƙo hannu in ba shi gora. Na ce ta Baba ce. Ya janye hannun, bai yi musu ba. Ya dubi rana ta kan kafaɗarsa, na ga fuskarsa ta canza. Ta sauko sosai.

Ni kuma na tsuguna a bakin ruwan, ban san dalili ba, ƙila don na saba tsugunawa gaban ruwa. A nan na ga ƙudan zuma. Sun fi ashirin, sun jeru a kan taɓon bakin ruwan suna sha. Na ce wa Yaya ga dabbobin Baba. Ya taso da sauri, ya ce to ai mun iso, amyar tana kusa, mu ƙara gaba.

Na ce ya dakata. Na zuba wa guda ɗaya ido. Ta sha, ta sha, cikinta yana motsi, sannan ta tashi da ƙyar, ta yi kewaye ɗaya a kan ruwan, ta wuce ta gefen kunnena. Bayanmu ta nufa, wajen rana. Na bi ta biyu da kallo, ita ma haka. Ta uku haka. Sai na sa hannu na kare ido, ina ganinsu suna shiga hasken ɗaya bayan ɗaya kamar an ja musu layi.

Yaya ya ce kiwo za su. Na ce da yamma haka, da ciki cike da ruwa? Wanda ya ɗebi ruwa ai gida yake kai wa. Ya ce to gidan nasu a kan titi yake? Mu da muka fito daga can ba mu ga tsamiya ko ɗaya ba. Ya karanto mini abin da ya rubuta, da ƙarfi, kalma kalma, kamar ni ne na ƙi ji: rana a ƙeya.

Na rufe ido ina ƙoƙarin jin muryar Baba a kan 'yar kujerar nan. Ba kalmomin da Mama ta ba mu ba, yadda shi yake faɗa. Yakan fara da cewa, da na sauko na ɗaure bakin bokiti. Kullum akwai bokiti a kansa cikin labarin, yana ƙorafin nauyinsa, yana cewa wuyansa ya ƙage. Kuma in ya wuce tagwaye, kafin ya nemi tawul, akwai abin da yake cewa.

"Yaya, in Baba ya wuce tagwaye, me yake cewa?"

"Ina na sani? Mama ta ce tawul."

"Cewa yake yi, sai ga kwalta."

Yaya ya sauke wayar.

"Bai taɓa ba mu labarin zuwa ba," na ce. "Na dawowa yake ba mu. Mun sauka a kan titi, mun kama hanyar dawowa gida, muka yi ta tafiya."

Ya dubi wayar, ya dubi rana, ya dubi ƙudan. Ya ce to in haka ne komai sai a juya shi ke nan? Dama ta koma hagu? Na ce ina jin haka. Ya ce ina ji ko na tabbata? Na ce ban tabbata ba. Ya ce in muka koma muka tsallaka titi kuma ba can ba ne, rana ta faɗi, shi ke nan ba mu da wata damar. Na ce na sani. Muka tsaya muna kallon juna. Wata ƙuda ta sake tashi ta bi ta tsakaninmu. Yaya ya sa wayar a aljihu ya juya.

Da gudu-gudu muka koma. Yanzu rana tana cikin idonmu, itatuwa duk sun ba mu baya, sai na ji kamar mun yi musu laifi. Muka hau titi nesa kaɗan da gadar, muka tsallaka, muka faɗa ɗaya dajin. Yaya yana gaba yana cewa bai ga komai ba, bai ga komai ba. Ni ma ban ga komai ba sai haske. Ina ta tunanin in na yi kuskure da wane baki zan gaya wa Mama cewa ƙuda na bi.

Yaya ne ya fara ganinsu. A hannun hagu, suri biyu, kai ɗaya, kafaɗa a manne. Ba wanda zai gan su ya kira su da wani suna. Sai ya ƙara sauri.

Kwazazzabon kuwa da muka iso shi, ya fi tsayin mutum zurfi, rairayinsa fari tas. Muka gangara da baya muna riƙe saiwoyi. A ƙasa na ga sawu. Ƙafar dama lami ba zane, ƙafar hagu kuma da zanen taya. Watan jiya takalmin Baba na hagu ya huje, na yanko tsohuwar tayar babur na manna masa. Na san zanen nan kamar tafin hannuna. Sawun ya tafi, bai dawo ba. Na nuna wa Yaya, ya dafa kafaɗata ya matse har na ji zafi.

Ɓauren yana can sama da kwazazzabon, a tsage, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Daga nan maganar Mama ta ƙare, ƙasa kuma ta koma tauri, sawu ya ɓace. Ga tsamiya nan ba ɗaya ba, ba biyu ba, a warwatse. Muka yi kira. Shiru. Muka sake. Sai na ji wani abu can gefen dama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga gwangwani. Yaya ya ce tsuntsu ne. Na ce a kira a gani. Muka kira, abin ya sake bugawa sau uku ya tsaya.

A gindin tsamiyar muka fara ganin tsani a ƙasa, ya karye gida biyu, cikin itacen duk gara ta cinye ya zama gari. Bokiti yana gefe. Na ɗaga kai. Baba yana zaune a kan wani reshe da ya kai tsayin mutum uku, ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin itacen, gwangwanin hayaƙinsa a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya. Amyar tana can gaba da shi a reshen. Ya buɗe baki zai yi magana, ba abin da ya fito.

Yaya ya durƙusa na taka kafaɗarsa, ya miƙe da ni, na kama wani kututture na haye da gorar a wuyana. Leɓen Baba duk ya tsage. Na riƙe masa gorar yana sha kaɗan kaɗan. Da muryarsa ta dawo, abin da ya fara cewa shi ne in rage motsi, ƙudan sun gaji da baƙi yau.

Na kwance igiyar na ɗaura masa a ƙarƙashin hammata, na zagaya ta a reshe na jefa wa Yaya bakin. Muka sauke shi a hankali, yana juyawa a iska yana ba mu umarni. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna. A lokacin ne wata ƙuda ta sami Yaya a fatar ido. Ya yi tsalle yana dukan iska, Baba ya ce ya tsaya cak, wayar da ya riƙe kwana uku ce ta aiko a gaishe shi.

Ya ci burodin, ya sha maganin. Ya ce tun wajen ƙarfe tara tsanin ya karye, yana sa ƙafa zai sauko. Da yunwa ta matsa masa ya ci zuma, zumar kuma ta ƙara masa ƙishi, ga shi likita ya hana shi ita. Ya ce wannan kar ya wuce mu uku, uwarmu ba ta bukatar sani.

Yaya ya goya shi, ni na ɗauki bokiti da gwangwani. Rana ta kusa taɓa ƙasa a bayanmu. Muna tafe Baba ya tambaya wa ya nuna mana wurin. Yaya, da ido ɗaya a kumbure, ya ba shi labari tun daga tasha, bai ɓoye cewa mun shiga wancan dajin ba. Ya ce Auta ne ya ga ƙudanka suna shan ruwa, ya ga inda suke nufa.

Baba ya tambaya a ina. Na ce can ƙetaren titi, tafiyar rabin awa, a wani ɗan kwari. Sai da muka gangara kwazazzabo muka haye. Sannan ya ce ba nasa ba ne. Nasa ga ruwansu nan a bayan tsamiya, ko jifa biyu ba a yi, me zai kai su ƙetaren titi? Waɗannan na wani kogon itace ne a can wajen, ƙila ma mun wuce ta gindinsa da muke gudu.

Na ce to amma wajenka suka nufa. Ya ce wajen gidansu dai suka nufa. Na ce da gidan nasu yana gaba fa, ba baya ba? Ya ce da yanzu kuna can kuna gaisawa da itatuwa.

Na yi ta tafiya da bokiti a ka ina son in gane ko dabara na yi ko sa'a, ban gane ba. Baba kuwa hankalinsa ya riga ya koma wani wuri. Ya ce ƙudan da suka kai ashirin a bakin ruwa lokaci guda ba ƙaramin gida ba ne, kuma yana da amya biyu da ba kowa a ciki. In ƙafarsa ta warware zai je ya gani. Mu kwatanta masa kwarin.

Yaya ya ce yana kusa da wani suri. Baba ya ce wane irin suri? Yaya ya ce suri dai. Na ce akwai wani itace da ya rabu biyu kafin a kai. Baba ya ce wane itace? Na ce ba ɓaure ba ne. Ya ce ya ji ba ɓaure ba ne, mene ne? Na dubi Yaya, Yaya ya dube ni da idonsa mai kyau.

"A dama yake ko a hagu?" in ji Baba.

"In ana zuwa, ko in ana dawowa?" na ce.

Baba ya kwantar da kansa a kafaɗar Yaya, ya ce mu dai kai shi gida.